Wa Ya San Ƙudajen da Ke Cikin Kurminmu?

 Gaisuwa ta musamman ga manoman rake na Maƙarfi da Gazara da Hunƙuyi da Likoro, da masu lambun tumatir na Ikara da Paki da Kurmin Kogi, da makiyayan da ke shayar da shanunsu a rafukan da suka ratsa ƙasar nan. Zancenmu na yau a kan ƙuda ne. Na san da jin haka wani zai kai hannu ya murɗa rediyonsa, to Malam a ɗan dakata mini. Maganar da nake son kafawa ita ce, ragowar kurmin da ke bakin rafukanmu yana ƙarewa da sauri fiye da yadda ake binciken ƙwarin da ke cikinsa, kuma duk al'ummar da ta share kurmi ba ta san abin da ke zaune ciki ba, ta yanke hukunci ne ba tare da ta ji shaida ba. Hujjata ba daga nesa zan ɗauko ta ba, yawancinta a nan ƙasar Zazzau ta faru.

Mu fara daidaitawa kan abin da ake nufi. A wurin masana ƙwari, ƙwaron da ke da fukafukai biyu rak dangin ƙuda ne. Ke nan ƙudan gida da ke sauka kan tuwo mutum ɗaya ne cikin zuri'a mai yawan gaske. Sauro ɗan wannan zuri'a ne, haka tsando, haka bobuwar da ke hana shanu da dawaki sakat, haka ɗan mitsitsin nan da ke sa tsutsa cikin mangwaro. Zuwa yau an rubuta suna da kamannin nau'in ƙuda kimanin 160,000 a duniya, kusan 20,000 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Masanan da suka haɗu suka tsara babban kundin ƙudajen Afirka, wanda aka fara fitarwa a Afirka ta Kudu a 2017, ra'ayinsu ya zo ɗaya cewa waɗanda ba a kai ga sani ba sun fi waɗanda aka sani yawa. Masu cizo da yaɗa cuta 'yan tsiraru ne a cikin wannan taro, amma su ne suka ɓata wa sauran suna.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi wa arewacin Zazzau mummunan kamu, kuma ƙasar Anchau, wadda take cikin ƙaramar hukumar Ikara kafin a yanke Kubau, tana cikin wuraren da abin ya fi ƙamari. An san tsando ne ke ɗauko cutar, to amma wane tsandon? Nan gizo ke saƙa. Tsando ba iri ɗaya ba ne, a Nijeriya kaɗai an samu iri goma sha ɗaya. Akwai na dawa, mai bin namun daji da garken shanu a sarari, wanda ya fi shahara wajen sa wa dabbobi sammore. Akwai kuma na bakin ruwa, wanda ba ya nisa da duhuwar rafi, shi ne mai jiran mata a wurin ɗiban ruwa da wanki, da matafiya a mashigi. Wani Baturen masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash ya shafe shekaru a Gadau, cikin ƙasar Katagum, yana nazarin yadda kowannensu ke rayuwa. Tsando ba ya zuba ƙwai barkatai irin na ƙudan gida. Macen tsutsa ɗaya tal take reno a cikinta, ta haife ta duk bayan kwana tara ko goma, ta sauke ta a ƙasa mai laushi ƙarƙashin inuwa. Idan bazara ta tsananta, na bakin ruwan ba shi da mafaka sai sarƙaƙiya mai sanyi da laima. Nash ya nuna cewa in aka cire sarƙaƙiyar da ƙananan itatuwa, iska mai zafi ta ratsa wurin, tsandon zai mutu ko da an bar dogayen bishiyoyi a tsaye.

Kan wannan ilimi aka gina aikin Anchau daga ƙarshen shekarun 1930. An ware wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin mil 10, aka bi rafukansa ana sassabe, aka gina rijiyoyi da siminti don mutane su rage zuwa rafi, aka tattara ƙananan ƙauyuka wuri guda don a samu hannayen da za su riƙa maimaita sassaben kowace shekara, aka kuma kafa sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ciwon barci ya ja baya ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, da ba a bambance tsandon bakin ruwa da na dawa ba, da ko dai a rasa inda za a kama, ko kuma a auka wa dajin gaba ɗaya da gatari da wuta, a kashe dukiya mai yawa, a rasa ɗorawa da kaɗanya, cutar kuma tana nan zaune a mashigi. Sanin takamaiman nau'in ƙudan ne ya nuna abin da za a sare da abin da za a bari. A kan irin wannan aiki aka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom, wadda ta koma ta Nijeriya a 1964, kuma tana nan har gobe.

Wani dattijo zai ce, to ai ka kashe bakinka da kanka. In sare kurmi ne ya ceci kakanninmu, me ya sa yanzu kake kuka don kurmi na ƙarewa? So kake tsando ya dawo? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba, domin wanda ya ji labarin yadda ciwon barci ke cinye mutum a tsaye ba zai yi wasa da ita ba. Amsa ta farko, a zamanin Nash sassabe ne babban makamin da ke hannu. Yau akwai wasu. Tun a shekarun 1970 aka ƙirƙiro tarkon ƙyalle, daga baya aka gane cewa shuɗi da baƙi ne suka fi jan tsando, har ana kafa ɗan ƙyallen da aka jiƙa da magani a bakin rafi ya kashe shi ba tare da an taɓa ko reshe ɗaya ba. A yankin Lafiya, a shekarun 1980, an yi yaƙi da tsandon bakin ruwa ta hanyar sakin mazan da aka mayar juya, matan daji su sadu da su su kasa haihuwa. Ita ma wannan dabara ba ta aiki sai an san nau'in daidai, don namijin wani iri ba ruwansa da macen wani. Amsa ta biyu, binciken da nake kira a yi shi ne ma zai gaya mana ko akwai sauran tsando a rafin kaza, da wane iri ne, makiyayi ya san inda zai kauce. Saran da ake yi yau kuwa ba na kiwon lafiya ba ne, ba wanda ya auna ya tsara shi, sara ne na har ƙasa.

Akwai wani ƙudan da ya koya wa duniya darasin da ya fi wannan zurfi, ɗan baƙin ƙuda mai ƙusumbi da ke hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu, wanda cizonsa ke sa tsutsar da ke jawo ƙaiƙayi da makantar bakin kogi. An sa masa suna tun 1903, an kuma yi nazarinsa a kwarin Galma a shekarun 1950. Shekara sittin ana ɗaukarsa iri ɗaya ne daga Senegal har Uganda, saboda a ido, kai har a madubin bincike, ba su da maraba. Amma likitoci na mamakin abu guda: me ya sa cutar ke makantar da mutane da yawa a ƙasashen sarari irin namu, alhali a kurmin kudu ta fi tsayawa kan fata? A 1975 wani ɗan Nijeriya, Charles Vajime, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya zama shugaban Jami'ar Jihar Binuwai na farko, shi da abokin aikinsa Robert Dunbar, suka duba zaren gado da ke cikin ƙwayoyin yawun tsutsar ƙudan, suka fitar da bayanin nau'i takwas daga abin da ake kira ɗaya. Ashe wasu na sarari ne, wasu na kurmi, kuma na sararin ne ke tafe da makanta mai tsanani. Babban shirin yaƙi da cutar da aka fara a 1974 daga Wagadugu ya ci moriyar wannan sosai. Da ƙudaje suka riƙa dawowa kogunan da aka riga aka yi wa feshi, da wannan rarrabewa aka gano cewa baƙi ne da iska ke kwasowa daga ɗaruruwan kilomita, aka faɗaɗa aikin zuwa inda suke fitowa. Irin haka ta faru da sauron zazzaɓin cizon sauro, wanda aka yi nazarinsa a Garki ta Jigawa a shekarun 1970, kuma sai a 2013 aka raba wani nau'insa aka ba shi sunan kansa. In sauron da ke kwana a ɗakinmu ya iya ɓoye mana asalinsa har zuwa 2013, ina ga ƙwaron da ke ƙarƙashin ganyen malmo a bakin rafin da ba mai zuwa?

Mu dawo gona, don a nan yawancin masu saurarena suke. Manomin dawa ya san yadda tsiro ke tashi lafiya, sai a wayi gari zuciyarsa ta bushe, in ka ja ta zare da wari. Tsutsar wani ɗan ƙuda ce. Wani masani mai suna John Deeming, da ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya tattara dangin wannan ƙuda daga arewacin Nijeriya, ya buga sakamakonsa a 1971, a ciki har da nau'o'i da dama da kimiyya ba ta taɓa sani ba. Bambancinsu yana wani ɗan tsiro ne a ƙarshen cikin namijin, wanda sai da madubi ake gani. Kaɗan daga cikinsu ne ke cin dawa da gero, da yawa ciyawar daji suke bi, ba ruwansu da shuka. Manomin da bai san haka ba, duk ƙudan da ya gani a gona abokin gaba ne, sai ya saye magani ya yi ta feshi. Feshin nan kuwa ba ya tambayar suna. Yana kashe wani ƙuda mai kama da zuma da ke tsayawa cak a iska, wanda tsutsarsa darɓa take ci. Yana kashe wasu ƙudaje masu gashi da ke sa 'ya'yansu a jikin tsutsar da ke huda karan masara da dawa da rake, su cinye ta daga ciki. Furen mangwaro ma ƙudaje na cikin manyan masu ɗaukar masa barbara, haka furen albasa ga mai neman iri. Waɗannan ma'aikata da ba a biya suna buƙatar inda za su fake da rani in gona ta zama fako, su sami fure da laima. A ƙasa irin tamu, bakin rafi ne wannan wuri.

Yaya ake gano sabon nau'i? Aikin ba shi da ban mamaki, haƙuri yake ci. Ana kafa wani tarko mai kama da ƙaramin tanti na gidan sauro, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna René Malaise ya ƙirƙiro a shekarun 1930. Ƙwaro ya bugi labulen tsakiya, ya hau sama neman haske, ya faɗa kwalba mai sinadarin adanawa. Duk mako a sauya kwalba, a rubuta wuri da rana. A ɗakin bincike a rarraba su dangi dangi, a duba jijiyoyin fiffike, da jerin gashin ƙirji, da siffar al'aurar namiji, a gwada da waɗanda aka riga aka adana. Tun 2003 an samu ƙarin hanya, a ɗebi ɗan yanki na sinadarin gado da ake kira DNA daga ƙafa ɗaya, a gwama da na sauran duniya ta intanet. In ya tabbata ba a taɓa rubuta shi ba, sai a siffanta shi a mujallar masana, a ba shi suna mai kalma biyu bisa tsarin da ake bi tun 1758, a kuma ware guda ɗaya a ajiye a gidan adana ƙwari ya zama abin komawa ga duk mai jayayya nan gaba.

Wani malamin makaranta zai ce, wannan aiki ai na manyan dazuzzuka ne, a je Gashaka ko Kuros Riba, mu nan me ya rage mana ban da 'yan bishiyoyi a gefen fadama? Gaskiya ne kurminmu bai kai nasu ba, ba kuma zan yi alkawarin cewa za a sami abin da aka samu can ba. Amma ƙanƙantar wuri ba ta nuna ƙarancin ƙuda. A ƙasar Kosta Rika an zaɓi wani ɗan daji mai faɗin hekta huɗu kacal, aka shekara ana kama ƙudajensa, aka ƙirga nau'i 4,332, mafi yawansu ba su da suna. A birnin Los Angeles na Amurka, tsakiyar kwalta da motoci, an kafa tarkuna a bayan gidajen mutane, a 2015 aka sanar da sababbin nau'o'i 30 daga dangi ɗaya tak. Ga kuma wani dalili da ya shafe mu. Kurmin bakin rafi a ƙasar sarari zirin laima ne a tsakiyar fari, yana ba ƙwarin da asalinsu na kudu ne damar rayuwa can arewa da inda aka san su, wasu sun daɗe a ware har sun bambanta da danginsu. Irin wannan wuri in ya tafi, ba wani daji a kusa da za a ce ai suna can. Dajin Falgore da ke maƙwabtaka da mu ta ɓangaren Kano ya fi girma nesa ba kusa ba, sai dai matsalar tsaro ta sa shiga manyan dazuzzuka ya zama kasada ga mai bincike. Ɗan kurmin da ke bayan gari kuwa ɗalibi na iya zuwa da safe ya dawo kafin azahar.

Sai babbar magana, wadda ta fi duk sauran ƙarfi: mutane na fama da abin da za su ci, kai kana zancen suna wa ƙuda. Ban ga laifin matar da ta sari itace don ta dafa wa 'ya'yanta abinci ba, ga tsadar gas da kananzir. Ban ga laifin saurayin da ya samu injin ban ruwa ya tura rakensa ko tumatirinsa har gaɓar rafi ba, tun da gonar gado an raba ta har ta zama ɗan tsako. Mai gawayin da ke loda buhuna zuwa birni ma neman halaliyarsa yake, ko da yake nasa saran ya fi ɓarna, don manyan itatuwa irin ƙirya da marke yake nema. Amma ku tuna 2016, lokacin da ƙwaron nan da manoma suka laƙaba wa sharon ya cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Shi ba ƙuda ba ne, dangin asu ne, amma darasin ɗaya ne. An gane shi da wuri ne saboda wani masani ya siffanta shi ya ba shi suna tun 1917 daga samfurin da aka samo a ƙasar Peru, lokacin da ba wanda ya ga amfanin yin haka. Da sunan aka buɗe duk abin da duniya ta sani game da shi. Kuɗin kafa tarko goma na shekara guda bai kama ƙafar asarar da garin Ikara kaɗai ya yi a kakar tumatir ɗin nan ba.

Akan kuma yi wa masanan gori cewa yau su sa suna gobe su sauya. Haka ne, yana faruwa. Ƙudan da ya addabi mangwaro da gwaiba a Afirka an fara ganinsa a Kenya a 2003, aka ba shi suna a matsayin sabo a 2005, bayan kimanin shekara goma aka tabbatar ashe wani sanannen ƙudan Asiya ne ya ƙetaro. Gyaran riba ya zama, don duk dabarun da aka daɗe ana yaƙarsa da su a can, kamar tarkon ƙamshi mai jan maza, sun zama namu. Ƙorafin da na fi yarda da shi daban ne. Yawancin samfuran asali na ƙwarin da aka gano a ƙasar nan zamanin Turawa suna Landan da wasu biranen Turai, ɗalibinmu sai ya nemi biza kafin ya ga ƙudan da aka kama a bayan garinsu. Maganin wannan a hannunmu yake. Akwai ɗakin adana ƙwari a Samaru, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga ko'ina a yankin nan. Duk abin da aka kama a rafukanmu, kason farko can ya kamata ya zauna, a kuma ba wurin kuɗin kula da akwatunansa, don ƙwaro ma ƙwaro ke cinye shi in an yi sakaci.

Wani abu ya rage daga labarin Anchau da bai kamata a maimaita ba. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Amurka, Horace Miner, ya je can bayan kusan shekara ashirin da fara aikin, ya buga abin da ya gani a 1960. Ya tarar ana sassaben rafi duk shekara, amma da yawa daga masu yin sa ba su yarda tsando ne ke kawo ciwon barci ba, umarni ne daga sama suke bi. Ilimin ya zauna a ofis da Turanci, gatari kawai aka miƙa wa talaka. In za a yi wannan bincike yanzu, to a fara da zama da dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma da arɗo-arɗo, domin makiyayi ya san rafin da bobuwa ke tashi da watan da take tashi, mai lambu ya san makon da tsutsa ke shiga mangwaro. Ɗaliban makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi da na makarantun sakandare za su iya sauya kwalabe da rubuta rana. A zaɓi rafi biyu ko uku a kowace ƙaramar hukuma, a roƙi masu gonakin gefe su bar taku goma daga gaɓa ba sara ba feshi har a gama, wanda hakan ma zai rage musu zaizayar ƙasa. Tarkon kuma lallai ya shekara cur a wurin, don ƙudan da ke fitowa a farkon damina ba shi ake gani da kaka ba, na hunturu kuma daban. Abin da aka samu a dawo a karanta wa mutanen garin da Hausa, a nuna musu a madubi wanne ne mai cin darɓa, wanne ne mai huda dawa, kafin a aika da shi kowace mujalla.